Babur ɗina ya karkace kai: littafin gyaran ƙafar gaba da madigadi

Asabar, 2 ga Nuwamba 2024

Yau da hantsi na faɗi da babur ɗina na daji. Ba wata muguwar faɗuwa ba ce. Kwana ce ta hagu cikin yashi, tayar gaba ta faɗa wani ɗan kwari da ruwa ya zaizaye ta ƙi fita, babur ya kwanta, ƙarshen sitiyari na hagu ya caki ƙasa da nauyinmu duka, ni da shi. Na miƙe na karkaɗe jiki. In ban da ƙujewa a gwiwar hannu babu abin da ya same ni, alhamdu lillahi.

Sai da na kama hanyar dawowa na gane shi bai tsira ba. Tafiya yake miƙe sar, amma hannuna na hagu ya matso jikina, na dama ya yi gaba, kamar mai shirin shan kwanar da ba ta zo ba. In na leƙa ƙasa kuma, bakin madigadi, wato robar nan da ke tare taɓo a saman taya, hagu yake kallo, taya na kallon gabanta.

Na yi abin da kowa ke yi a jeji: na sauka, na matse tayar tsakanin gwiwoyina, na fizgi sitiyari da ƙarfi. Ya ɗan dawo, ya kai ni gida. Amma wannan dabarar isa gida ce kawai. Shok ɗin gaban nan shi ke riƙe da raina a kan gangara, ba zan bar shi a kan ƙiyasin gwiwa ba. Zan riƙa rubuta duk abin da na auna da duk abin da na kwance, don kada na ruɗe a tsakiyar aiki.

Lahadi, 3 ga Nuwamba

Na wanke shi tas, na ɗora shi a kan mazauninsa, ƙafar gaba na lilo a sama. Yau ban kwance noti ko ɗaya a gaban ba. Kallo na yi da awo.

Ga yadda gaban babur irin wannan yake. Shok biyu ne, irin na kife, wanda ya zama ruwan dare a baburan tsere tun ƙarshen shekarun 1980: bututu mai kauri na alminiyom a sama, siriri mai sheƙi a ƙasa. Kamfanoni irin su Showa da KYB da WP ne ke ƙera yawancinsu. Nawa kaurin siririn milimita 48 ne. Wurare uku ne kacal ke haɗa shok ɗin biyu: mariƙin sama, wanda sitiyari ke zaune a kai, mariƙin ƙasa, wanda madigadi ke rataye a ƙarƙashinsa, sai aksil, ƙarfen da ya ratsa tsakiyar ƙafa. Babu abin da ke hana bututun juyawa cikin mariƙan nan sai matsin noti. Idan sitiyari ya bugi ƙasa taya kuma ta kafe a rami, sama ya juya ƙasa bai juya ba, sai bututun su ɗan zame su tsaya a murɗe. Gara ma haka, don da ba su zame ba da sun lanƙwashe.

Na zauna na yi wani ɗan lissafi da ya buɗe mini ido. Daga inda aka ɗaure madigadi zuwa bakinsa kusan santimita 40 ne. Karkatar digiri ɗaya tak a wannan tsawon tana gusar da bakin milimita 7. Faɗin sitiyari kuwa kusan santimita 80 ne, saboda haka wannan digiri ɗayan zai kai hannu ɗaya gaba milimita 7, ya ja ɗayan baya milimita 7, bambancin milimita 14 ke nan tsakanin hannayena. Ɗan hakin da ka raina.

To, wa zan yarda da shi? Madigadi dai roba ce, ba zan auna ƙarfe da ita ba. Sitiyari ma shi ya sha dukan. Sai na koma can baya na fara daga ƙafar da ba ta ji komai ba. Na auna daga tsakiyar ƙarfen da hannun baya, wato wanda ke riƙe da ƙafar baya, ke lilo a kai zuwa tsakiyar aksil ɗin baya, hagu da dama. Alamomin da aka zana a jikin hannun sun nuna daidai, amma tef ya nuna bambancin milimita 2. Na gyara da notocin jan sarƙa har suka zo ɗaya.

Daga nan na ɗauko zaren magina, na zagaya shi ta bayan tayar baya, na ja shi gaba ta gefe biyu, kowane gefe yana shafar tayar baya a wuri biyu ba tare da ya tanƙwara ba, na ɗaure bakinsa a jikin abu mai nauyi. Tayar baya faɗinta milimita 110 ne, ta gaba 80/100-21, wato faɗin milimita 80, tsayin gefenta daidai da faɗinta, rim inci 21. Ya kamata in ga tazarar kusan milimita 15 a kowane gefe na tayar gaba. Na juya sitiyari a hankali har tazarar gaban tayar da ta bayanta suka zo ɗaya, alamar ta miƙe ke nan. Abin da na samu: hagu 18, dama 12. Ma'ana ko da ta miƙe, tayar ta gusa dama milimita 3. Murɗewar shok kaɗai ba za ta bayyana mini wannan ba. Na rubuta, na ja layi a ƙarƙashi.

Talata, 5 ga Nuwamba

Da yamma ƙanena ya zo ya taya ni. Kafin mu taɓa komai na cire robobin da ke kare shok, na ɗauko wani gilashi mai kauri na ɗora shi a kan bututun nan biyu. Idan bututu biyu suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, gilashi zai kwanta a kansu lif. Nawa kuwa da na danna kusurwa ɗaya sai ta ce ƙwas, kishiyarta ta ɗaga. Na zura katin takarda ninki biyu a ƙarƙashin kusurwar ya shige ba gardama. Gani ya kori ji.

Muka sauke babur ƙasa. Na sassauta notocin mariƙin ƙasa, biyu hagu biyu dama, da babban notin da ke tsakiyar mariƙin sama, da notocin da ke matse aksil. Notocin mariƙin sama da ke riƙe da bututu ban taɓa su ba, don in aka kwance sama da ƙasa lokaci guda babur na ƙasa, sai gaban ya sulale ya zauna a kan taya. Na hau, na kama birkin gaba, na yi ta danna gaban da ƙarfi har sau goma sha biyu. A dannawa ta uku ko ta huɗu muka ji wani ɗan ƙara, kamar an taka busasshen kara.

"Yaya, ka ji? Wani abu ya koma mazauninsa," in ji shi.

Ya koma kam, amma ba duka ba. Muka mayar da gilashi, yanzu kati ninki ɗaya ne ke shiga da ƙyar. Ya tsaya ya riƙe mini sitiyari, ni kuma na matse taya na ɗan ƙara murɗawa. Duhu ya fara shiga, sai na ɗaure komai na ce gobe na gwada.

Alhamis, 7 ga Nuwamba

Na yi kuskure ranar Talata, kuma yau na gan shi. Da na danna gaban babur sai na ji ya yi tauri, ya shiga a cije, ya fito a cije, ba ya dawowa tsayinsa na da sai na ɗaga shi da hannu. Raina ya ɓaci, don na ɗauka bututu ne ya lanƙwashe.

Ashe ɗaurin aksil ne. Shok ɗin hagu, inda faifan birki yake, shi babban notin aksil ke matsewa tare da ƙafa. Na dama kuwa ba a matse shi da komai ta gefe. An bar shi ne ya zame a kan aksil ya nemi inda ya dace da shi, sannan a ɗaure shi a nan. Ni kuma cikin gaggawar magariba na ɗaure notocin dama tukuna don aksil ya daina juyawa, na matse babban noti, ban koma na sake su ba. Sai ƙasan shok ɗin dama ya tsaya a matse ciki, sama a buɗe ƙasa a tsuke. A haka duk shigar da zai yi sai ya goge jikinsa.

Na sassauta notocin biyu, na soka bakin ƙaramin sukudireba a tsagar mariƙin don ya ɗan buɗe. A idona ƙafar shok ɗin ta zame waje kusan milimita ɗaya da rabi ita kaɗai. Na danna gaban, ya shiga sumul ya fito sumul. Na daɗe ban ji sanyi a raina irin na wannan lokacin ba.

Duk da haka na yanke shawara: ranar Asabar zan sauke gaban gaba ɗaya. Gyaran rabi da rabi ya ishe ni.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Tun da safe. Na cire ƙafa, na kwance birki na rataye shi da igiya don kada nauyinsa ya ja tiyo, na zare shok ɗaya bayan ɗaya, na sauke madigadi da sitiyari. Kowane noti na jera shi a kan kwali yadda ya fito. Zobban tazara biyu da ke gefen boris ɗin ƙafa na sa musu alama da maka, don tsawonsu ba ɗaya ba ne, wanda ya musanya su kuwa ƙafarsa ba za ta zauna tsakiya ba. Na yi fatan su ne dalilin milimita 3 ɗin nan. Ba su ba ne, kowanne na gefensa.

Aksil na goge shi na gara shi a kan gilashi. Ya gangara shiru, babu tsalle, babu hasken da ke leƙowa ta ƙarƙashinsa. Littafin babur ɗin ya ba da iyakar lanƙwasa milimita 0.2, nawa bai kai ko kusa ba. Shok kuma na kama na sama a hannu, na juya siririn bututun a hankali ina kallon ƙarshensa kusa da bakin rula. Lanƙwasasshe zai riƙa zana da'ira. Duka biyun a wuri ɗaya suka tsaya suna juyawa. Wannan shi ne abin da ya fi tsaya mini a rai tun ranar da na faɗi, yau na sauke shi.

Tunda gaban na tsirara, na buɗe wuyan babur na duba boris ɗinsa. Biyu ne, masu 'yan sanduna a karkace, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Na ƙasan ya bushe, giris ɗinsa ya koma kamar busasshen taɓo mai ruwan tsatsa. Wankin ruwa mai ƙarfi ne ke jawo wannan, yana tura ruwa ta bayan roba ya wanke giris. Na sa farce na bi zoben da sandunan ke gudu a kai, babu rami babu gaɓa, saboda haka bai kai ga canji ba. Na wanke su, na cusa sabon giris mai jure ruwa da tafin hannu har ya ɓullo ta ɗaya gefen. Wannan ba ya cikin abin da na zo gyarawa, amma wanda ya buɗe wurin nan ya gani ya rufe haka nan bai kyauta wa kansa ba.

Mariƙan biyu na kwantar da su a kan gilashi, na kuma zura shok ɗaya ta ramukansu na sama da na ƙasa. Ya wuce ba tare da na tilasta shi ba, hagu da dama. Lafiyarsu ƙalau.

Lahadi, 10 ga Nuwamba

Ranar haɗawa. Na goge cikin mariƙai da jikin bututu har babu maiƙo, don maiƙo a nan shi ke sa su zame da ƙaramin bugu. Na zura shok ɗin hagu, na bar milimita 5 a saman mariƙi, na ɗan kama shi. Na zura na dama, sannan na gwada aksil ba tare da ƙafa ba. Wannan gwajin na fi yarda da shi a kan kowane ma'auni: idan shok biyu sun yi tsayi ɗaya kuma ba su murɗe ba, aksil zai ratsa ramukan biyu da turin yatsa. Da farko ya cije a bakin rami na biyu. Na ɗaga na dama kamar kaurin farce, sai ya shige zuruf.

Ɗauri kuma da sifana mai awo na yi shi, ba da ƙiyasin hannu ba. Littafina ya ce, da ma'aunin ƙarfin ɗauri, mariƙin sama niyuton-mita 22, na ƙasa 20, babban notin aksil 88, masu matse aksil 20. Kowa ya duba nasa littafin, don akwai baburan da mariƙinsu na ƙasa 12 kawai yake so. Na ƙasan nan shi ne mai haɗari. Bututun alminiyom ɗin ba shi da kaurin bango, kuma ta cikinsa daidai wurin ne zoben da ke ɗauke da siririn bututu yake kai da kawowa. In ka danne shi fiye da ƙima ka tsuke hanyar, shok ya riƙa tsayawa a tsakiyar tafiya, mutum ya yi ta zargin mai ko sifirin alhali sifanarsa ce. Notocin kuma bibbiyu suke, in ka ɗaure ɗaya ɗan'uwansa ya saki, sai ka yi ta komawa tsakaninsu sau biyu ko uku har su tsaya tare.

Aksil a wannan karon bi da bi: babban noti, notocin hagu, na saki na dama, na sauke babur na danna gaban sau shida, sannan na ɗaure dama. Na ɗora gilashi. Ya kwanta lif, kusurwa huɗu babu mai motsi.

Na ɗora sitiyari ina murna, na hau, sai na ga har yanzu hannun hagu na baya. Na kara doguwar rula a jikin murafan shok biyu, na auna daga ita zuwa sitiyari a tazara ɗaya hagu da dama. Bambancin milimita 6. Na sake sauke shi. Sitiyarin kansa, mai kaurin milimita 28.6 a tsakiya, bai lanƙwashe ba. Gindinsa ne. Ƙafafu biyun da yake zaune a kai suna ratsa mariƙin sama ta cikin robobi masu rage girgiza, kowace da dogon noti. Na zaro na hagu na gara shi a gilashi, sai ga shi yana ɗingishi. Robarsa ɗaya ma ta tsage. Ba zan miƙe shi da guduma ba. Ƙarfen da ya tanƙwara aka mayar ya riga ya raunana, wannan kuwa shi ke tsakanin hannuna da ƙafar gaba.

Laraba, 13 ga Nuwamba

Na ba da saƙon notoci biyu da robobi huɗu, duka zan canza. Kafin su iso na ɗiga man sassauta tsatsa a kan kowane kan waya na ƙafar gaba, wato 'yan notocin da ke ɗaure wayoyin a jikin rim, guda 36, na bar shi ya kwana biyu yana shiga.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Yau na kama milimita 3 ɗin da na ja wa layi.

Na ɗaure igiyar roba a jikin shok, na yanke bakinta ya tsaya dab da gefen rim, na juya ƙafa. Rim ɗin na matsowa ya shafi bakin robar, ya janye, ya sake dawowa. Kaɗawar ta kai milimita 2 da rabi, littafi kuwa 2 ya ba da a matsayin iyaka. Na auna daga gefen rim zuwa kowane shok, sai ga shi duk da'irar ta fi kusa da dama. Daga nan na ɗauki sifana na bi wayoyin ina ƙwanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya. Mai ɗauri tana cewa tin, siririyar murya mai tsawo. Sakakkiya kuwa sai ta ce daf, ta yi shiru. Bakwai na samu masu daf, biyar daga cikinsu na gefen hagu ne, uku kuma suna kusa da maƙallin da ke hana taya zamewa a kan rim. Wayoyin hagu sun saki, na dama sun ja rim wajensu. Ba faɗuwar ce ta kawo wannan ba, tsohon sakaci ne nawa. Faɗuwar dai ta sa na duba.

Aikin waya ba ya son zafin hannu. Rim yana tsaye ne a tsakiyar ja-in-ja tsakanin wayoyin hagu da na dama, duk wadda ka taɓa sai maƙwabtanta sun ji. Na fara da kamo sakakkun har suka fara magana. Sannan na bi da'irar ina sassauta na dama kwatan juyi, ina ɗaure na hagu kwatan juyi, ban taɓa wuce haka a zagaye ɗaya ba. Sau uku na zagaya kafin rim ya dawo tsakiya. Sai na koma kan kaɗawa: inda ya matso wajen robar in sa alamar alli, in saki wayoyin wannan gefen kaɗan, in ja na kishiyarsa, in sake juyawa. A ƙarshe na bi su duka don daidaita ɗauri, ina kama ɗaya ina tsallake biyu, zagaye uku ya game 36 ɗin.

Kan waya ɗaya ya ƙi juyawa duk da man da ya sha. Na ji yana neman murɗe wayar kanta, sai na ƙyale shi na gyara da maƙwabtansa. Awa biyu da rabi ina zaune a ƙasa. Kaɗawa ta sauko ƙasa da milimita ɗaya. Na mayar da zaren magina: hagu 15, dama 15.

Wani abu da na lura da shi ina juyawa: akwai siririn layi da ke zagaye gefen taya dab da bakin rim. In ya nutse a wani wuri ya fito a wani, tayar ba ta zauna daidai ba, kuma za ta yi ta rawa ko da rim ɗin miƙaƙƙe ne. Tawa layin ya zagaya daidai.

Lahadi, 17 ga Nuwamba

Notocin sun iso jiya da yamma. Na ɗaura, na kara rula, hagu da dama babu bambanci. Yanzu ƙafar baya, ƙafar gaba, shok da sitiyari duk bakinsu ɗaya. Na mayar da madigadi da notocinsa huɗu, na koma gaba na tsuguna na rufe ido ɗaya. Bakinsa na hagu da tsakiyar taya da kusan santimita ɗaya.

Da a ce ranar farko na biye masa, da na murɗe shok lafiyayye ina neman taya ta bi roba. Yanzu kam na san shi kaɗai ya rage.

Na cire shi na kifa. A gindinsa ta hagu akwai wani farin tabo, irin wanda roba ke yi in an tanƙwara ta fiye da ƙarfinta. Robar madigadi tana narkewa ne a wajen digiri 160, amma tana yin laushi tun kafin nan da nisa. Na mayar da shi kan babur don in riƙa ganin taya, na naɗe shok da tiyon birki da jiƙaƙƙen tsumma, na kunna na'urar hura zafi a ƙaramin mataki. Tazarar tafin hannu na ba ta, ina yawo da ita ta ƙasa da ta sama ba tsayawa. Idan fuskar robar ta fara ƙyalli kamar an shafa mata mai, zafi ya yi yawa, a janye. Bayan kamar minti uku farin tabon ya ɓace, robar ta fara bin hannu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Na tura bakin dama har ya ɗan wuce tsakiya, na riƙe, ƙanena ya ɗora tsumma mai ruwan sanyi.

"Kada ka saki tukuna, Yaya, cikinta da sauran ɗumi."

Na ƙara minti biyu. Da na saki ya tsaya a kan tsakiyar taya cif.

Talata, 19 ga Nuwamba

Bakin madigadi ya koma hagu. Ba duka ba, kamar milimita 4. Na san roba na neman tsohon zamanta, amma wannan ya yi sauri. Na sake kwance shi na duba ramukan noti da kyau. Kowane rami yana da ɗan zoben ƙarfe a ciki wanda noti ke matsewa maimakon ya matse roba. Uku suna nan, na gaba ta hagu babu. Ko a daji ya faɗi, ko tun da can babu shi, noti dai ya nutse cikin roba yana jan wannan kusurwar sama, madigadi kuma ya karkata ya bi shi. Na samo zobe mai tsayi ɗaya da sauran na sa, na ɗan sake gasa gindin, na ɗaure notocin a gicciye, kaɗan-kaɗan, ina duban bakin bayan kowane juyi. Na ɗaure bakin da igiya zuwa dama kaɗan na bar shi ya kwana a haka.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Kwana huɗu bai motsa ba. Na sa iska fam 13 a tayar gaba, na matsa birki sau da yawa har ya kama, don bayan cire ƙafa matsawar farko ba ta kama komai, na fita.

Na fara da miƙaƙƙiyar hanya mai tauri a giya ta uku. Na sassauta riƙo har yatsuna kawai ke kan sitiyari, babur bai ja hagu ba bai ja dama ba. Kafaɗuna suka zauna daidai, abin da rabona da shi tun ranar 2 ga wata. Na leƙa ƙasa, bakin madigadi na bin tsakiyar taya kamar an ja su da zare ɗaya. A kan ƙananan duwatsu kuma gaban ya fi da taushi, har fiye da kafin faɗuwar, ina jin tsohon ɗaurin mariƙin ƙasa ya yi yawa tun asali. Na koma kwanar yashin nan na sha ta sau uku.

Da na dawo na bi notocin duka da sifana mai awo, babu wanda ya saki. Na ƙwanƙwasa wayoyi, biyu sun ɗan sauke murya, na ƙara musu kwatan juyi. Zan sake bin su bayan fita biyu masu zuwa, don sabon ɗauri sai ya zauna.

Ina goge shok ɗin hagu na ga siririn zoben mai a jikin bututu, daidai inda ya tsaya a shigarsa mafi zurfi. Na goge, na danna sau biyar, ya sake fitowa. Wataƙila ƙwayar yashi ce ta maƙale a leɓen robar da ke tare mai. Gefen faifan birki ne, saboda haka babur ba zai sake fita ba sai na gama da shi. Gobe da safe zan zame robar ƙura in zagaya leɓen da siririn filastik. In bai tsaya ba, ranar Asabar shok ɗin hagu zai sake sauka.